Darasin Tafiya: Kafin Ki Biya Kuɗin Otal A Makka Da Madina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi uwargidan da Allah ya buɗa wa gidansu, har ana maganar tafiya Umra. A Mahuta da sauran garuruwanmu na yankin Funtua da Malumfashi, wannan magana takan taso ne bayan kaka, idan masara da dawa da waken suya da auduga sun shiga kasuwa, maigida ya ƙirga abin da ya samu ya ce bana sai a kai Inna ta ga Ka'aba, ko ya ce ke ma lokacinki ya yi. Sai ejan ya turo jerin otal-otal a waya, kowanne da taurari biyar, kowanne da hoton gado kamar na amarya, a ce a zaɓa.

To 'yar uwa, wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne. Gumin damina guda ne za a zuba a ciki, kuma wata ba za ta sake samun irin wannan tafiya ba har ta koma ga Allah. Abin da darasin zai tsaya a kai abu ɗaya ne: otal mai tsada a Makka da Madina ana biyansa ne domin ya adana miki ƙarfin da za ki yi ibada da shi. Duk wanda bai yi miki wannan aikin ba, ko da zinare aka shafe bangonsa, kuɗinku ya tafi a banza.

Da farko a gyara niyya da aljihu

Ko kusa ba laifi ba ne mai hali ya sauka a wuri mai kyau. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shaida wa Nana A'isha (R.A.), game da Umrar da ta yi daga Tan'im, cewa ladanta yana gwargwadon wahalar da ta sha ko abin da ta kashe. Kin ga ke nan kuɗin da aka kashe domin Allah ba asara ba ne. Sai dai a Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah ya yabi bayinsa da cewa idan za su kashe dukiya ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, tsakiya suke bi. A Suratul Isra'i kuma, aya ta 26 da 27, an yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci.

Saboda haka kafin a duba hoton ɗaki, ku zauna da maigida ku amsa tambayoyi uku. Akwai bashin wani a kanmu da lokacin biyansa ya yi? An fitar da zakkar amfanin gona? An ware kuɗin taki da iri da noma na damina mai zuwa, da abincin gida da kuɗin makarantar yara? A shekarar 2025 an fara azumi ne a farkon watan Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kusan kwana 11. Wato mai zuwa Umrar azumi a waɗannan shekaru yana dawowa ne ya tarar da shirin damina na jiransa. Gidan da ya cinye kuɗin taki a ɗaki mai kallon Ka'aba, zai ji a jikinsa ranar da aka buɗe rumbu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sannan ki binciki zuciyarki. Idan abin da ke jan ki zuwa wani otal shi ne don a gidan suna a ce Hajiya wance a ƙarƙashin Agogo ta sauka, to ki yi istigfari ki sake lissafi. Riya tana cinye aiki kamar yadda gara ke cinye zana.

Ki san inda manyan otal ɗin suke

A Makka, manyan masaukai na kusa da Harami sun taru ne a wurare biyu. Na farko shi ne rukunin benayen Abrajul Bait, wanda mutanenmu ke kira Agogo, da aka kammala a 2012. Tsayin benen agogon ya kai mita 601, kuma yana fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz. A cikin wannan rukuni ne ake samun Fairmont, da Raffles, da Swissôtel Makkah, da Swissôtel Al Maqam, da Pullman Zamzam, da Mövenpick Hajar, da Al Marwa Rayhaan. Na biyu shi ne Jabal Umar, ta yamma da masallaci, wajen titin Ibrahimul Khalil da Ƙofar Sarki Fahad. A nan akwai Hyatt Regency, da Conrad, da Hilton Suites, da Marriott, da wasunsu. Akwai kuma Dar Al Tawhid InterContinental, wanda yake tsaye shi kaɗai a bakin farfajiyar masallaci ta wajen Ƙofar Sarki Fahad.

Ki lura da suna sosai, don sunaye suna kama da juna. Misali, akwai Le Méridien Makkah a Ajiyad, wanda ake takawa da ƙafa zuwa Harami, akwai kuma Le Méridien Towers a unguwar Kudai, wanda sai an hau motar otal ake isa masallaci. Dukansu manya ne, amma rayuwar wadda ta sauka a wannan daban take da ta wadda ta sauka a wancan. Don haka kada ki yarda da rabin suna. A rubuta miki shi cikakke, da unguwar da yake.

Ma'auni na farko: ƙafarki

Taurari suna gaya miki kyan gado da yawan abinci ne kawai, ba sa gaya miki nisan da ke tsakanin ƙofar ɗakinki da sahu. Yi wannan lissafi. A ce daga otal zuwa inda za ki tsaya salla mita 600 ne. Zuwa da dawowa mita 1,200 ke nan. Sau biyar a rana ya zama kilomita 6, ban da ɗawafi, ban da tarawihi da tahajjudi idan azumi ne. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya ɗan haura kilomita 3. Yarinya mai jini a jika za ta iya. Amma idan da Inna mai ciwon gwiwa za a je, ko ke ce mai juna biyu, ko mai goyo, ko mai hawan jini, to kowane mita 100 da aka rage ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai nisa a Makka ba a ƙasa kaɗai yake ba, har da sama. Otal zai iya kasancewa a bakin Harami, amma ɗakinki yana hawa na talatin ko na arba'in. Ana kiran salla dubban mutane za su fito lokaci guda su yi cincirindo a bakin lifta, a wasu benayen ma sai an sauka daga wannan lifta an canza wata, an ratsa ta cikin kantuna kafin a fita farfajiya. Idan masallaci ya cika kuwa, masu tsaro sukan rufe ƙofofi, sai dai a yi salla a waje. A Jabal Umar kuma, sunan da kansa ya gaya miki dutse ne: wasu otal ɗin suna gaba a kan titi, wasu suna baya a kan tudu. Saboda haka tambayar da za ki yi ita ce: daga ƙofar ɗaki zuwa sahun mata, a lokacin salla, minti nawa ne ga tsohuwa? Wadda ta taɓa sauka a wurin ita za ta ba ki amsar gaskiya. Ki neme ta a makarantar Islamiyya ko cikin dangi, matambayi ba ya ɓata.

Idan akwai wadda sai an tura ta a keke, a tambaya ko otal yana bayar da keken, kuma ko hanyar da za a bi babu matakala. Kada ta ji kunyar hawa. Ummu Salama (R.A.) ta yi ɗawafi a kan abin hawa saboda rashin lafiya, da umarnin Manzon Allah (S.A.W.).

Ma'auni na biyu: taga

A otal guda za ki tarar da farashi uku ko huɗu ga ɗakuna masu girma ɗaya, bambancinsu taga ce kawai: mai kallon gari, mai kallon Harami, mai ɗan hango Ka'aba ta gefe, da mai kallon Ka'aba sosai. Bari mu yi misali, ba farashin kowa ba ne. A ce bambancin mai kallon gari da mai kallon Ka'aba riyal 500 ne a kowane dare. Kwana goma ya zama riyal 5,000. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, wato kuɗin nan ya haura dala 1,300. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, ke ma kin san abin da dala dubu take nufi. Ki sa maigida ya mayar miki da shi buhunan masara a farashin kasuwar Dandume ko ta Funtua na wannan mako, sai ki ga abin da taga ta ci.

Wace ce wannan taga ta dace da ita? Tsohuwa ko marar lafiya da yawancin lokacinta a ɗaki za ta yi shi. Ita kam ganin Ɗakin Allah daga kan gadonta sanyin zuciya ne, kuma ɗan da ya biya wa mahaifiyarsa wannan, Allah ya saka masa. Amma ke da kike da ƙafa, kike son ki wuni a masallaci, barci kawai zai kawo ki ɗaki, me za ki yi da taga? Wannan kuɗi zai iya ƙara muku kwanaki, ko ya matso da ku kusa a Madina, ko ya zama sadaka.

Ma'auni na uku: salla a cikin otal

Da yawa daga manyan otal na kusa da Harami suna da ɗakin salla da ake jin liman ta lasifika, wasu har cikin ɗakunan kwana ake jin karatu. Masu talla sukan ce salla a nan daidai take da salla a cikin masallaci. A nan sai a yi hattara, domin mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta. A mazhabar Malikiyya an yarda mutum ya bi liman daga gidan da ke maƙwabtaka da masallaci idan yana ganinsa ko yana jinsa, ban da sallar Juma'a. Wasu malaman kuma sun shardanta sai sahu ya haɗu da sahu.

Haka nan falalar salla dubu ɗari da ta zo a hadisin Jabir (R.A.) wanda Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito. Shaihu Ibn Baz yana ganin ta game dukkan haramin Makka, Shaihu Ibn Usaimin kuma yana ganin ta keɓanta da masallacin Ka'aba. Ki tambayi malaminku tun kina gida, ki tafi da abin da zuciyarki ta natsu da shi. Abin da ba shi da kyau shi ne a biya kuɗi mai yawa don kusanci, sannan a ɓuge da bin liman daga kan gado saboda sanyin na'ura ya yi daɗi.

Madina daban take

Kada ki ɗauki ma'aunin Makka ki auna Madina da shi kai tsaye. Madina shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara, kuma farfajiyar masallaci tana da manyan laimomi 250 da ke buɗewa da rana. Abin lura a nan shi ne ɓangare. Wuraren sallar mata suna ta arewacin masallacin Annabi (S.A.W.) ne. Otal irin su Dar Al Taqwa, da Dar Al Iman, da Anwar Al Madinah Mövenpick suna ta wannan gefen. Wanda yake ta kudu, wajen alƙibla, zai yi wa maigida daɗi don ya fi kusa da Ƙofar Salam da sahun gaba, amma ke sai kin zagaya masallaci sau biyar a rana. Ki faɗa masa wannan tun kafin a biya, don namiji ba lallai ya tuna da ƙofar mata ba.

Shiga Rauda kuwa ba ya rataya ga tsadar otal. Izini ake nema ta manhajar Nusuk a waya, a ba ki rana da lokaci. Ki sa a buɗe miki ita tun kafin ku tashi. Tsakanin biranen biyu kuma akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana cin tafiyar kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ga tsofaffi ya fi doguwar tafiyar mota sauƙi, sai a tambaya ko yana cikin kuɗin da aka biya.

Abubuwan da mace ce kawai za ta tuna da su

Na ɗaya, su wa za ku kwana da su? Ejan yakan sayar da ɗaki na mutum biyu, ko uku, ko huɗu, kuma mai mutum huɗu ya fi araha. Idan ayarin dangi ne, kada a haɗa ki ɗaki da ƙanin miji ko wansa da sunan ai duk gida ne. Ba muharramanki ba ne, kuma ba za ki yi kwana goma cikin hijabi dare da rana ba. Mata su haɗu a ɗaki, maza su haɗu a nasu, ko a nemi ɗakuna biyu masu maƙwabtaka.

Na biyu, idan ku biyu maigida zai tafi da ku, ke da abokiyar zamanki, a kama ɗakuna iri ɗaya. Kada ɗaya ta samu mai kallon Harami ɗaya mai kallon bango, a dawo gida da abin faɗa. Idan ɗaya ce za ta je, sunna ta nuna hanya: Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Na uku, al'ada. Mai haila ba ta ɗawafi sai ta yi tsarki, kamar yadda ya faru da Nana A'isha (R.A.) a Hajjin bankwana. Ki ƙirga kwanakinki kafin a tsayar da rana. Sannan a tambaya: idan ta kama a ƙara kwana biyu, ko a fara da Madina a ƙare da Makka, otal da tikiti za su yarda a canza? Ɗakin da ya fi araha sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa kuma ba a canza ranarsa.

Na huɗu, abinci. Teburin manyan otal cike yake da abincin Larabawa da na Indiya da na Turawa. Tsohuwar da ta saba da tuwo da koko tana iya kallonsa ta kasa ci, ga kuɗi an biya. A tambaya ko farashin ya haɗa da karin kumallo, ko da sahur da buɗe-baki idan azumi ne, kuma ko za a iya cire shi. Ki ƙulla garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli cikin kaya, ki tabbatar akwai butar dafa ruwa da ɗan firji a ɗaki, musamman ga mai maganin da ke son sanyi.

Kafin kuɗi ya bar hannu

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba kamfanonin Hajji da Umra lasisi. Kada a ba kowa kuɗi sai an tabbatar kamfaninsa yana da wannan lasisi, ko da ɗan unguwa ne, ko da tare suke salla da maigida. A biya ta asusun kamfani, a karɓi rasit. A takardar yarjejeniya a rubuta cikakken sunan otal, da irin ɗakin, da yawan masu kwana, da ranar shiga da ta fita. Idan kika ga an rubuta "ko makamancinsa" a gaban sunan otal, ki tsaya a nan, a faɗa miki sunan makamancin. A nemi lambar kamun ɗaki, a sa wani mai jin Larabci ko Turanci ya kira otal ɗin ya ji ko da gaske akwai sunanku.

A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da haraji, domin tun watan Yulin 2020 harajin kaya da hidima a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne, ban da na hukumar birni. A san lokacin da ake ba da ɗaki, don yawanci sai wajen la'asar, alhali jirgi daga Kano zai iya sauke ku da asuba, ga ku cikin harami ga gajiya. Goman ƙarshe na Ramadan kuwa shi ne lokacin da ɗakuna suka fi tsada a Umra, kuma otal da yawa a dunƙule suke sayar da kwanakin. Falalar Umrar azumi da ta zo a hadisi, cewa tana daidai da Hajji, ba a keɓe ta ga goman ƙarshe ba. Wadda aljihunta bai kai ba, ko take tafe da tsohuwar da ba ta jure turmutsutsu, goman farko ma Ramadan ne.

Yadda za ki shigar da maganar

Wata za ta ce, ai Alhaji ne mai biya, ni ina ruwana? Da ruwanki, don ke kika san gwiwar Inna, ke kika san kwanakinki, ke kika san abin da ya rage a rumbu. Sai dai a iya baki. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri. Na ce ko za a tambayi mutumin nan minti nawa ne daga ɗaki zuwa ƙofar mata, saboda Inna? Ni dai ba sai mai kallon Ka'aba ba, in dai kusa ne ya wadatar, ragowar a ajiye na taki." Da wuya namiji ya ji irin wannan magana ya ƙi saurara.

A taƙaice, idan otal biyu suka tsaya miki a rai, ki auna su da wannan jeri: wanne ya fi kusa da sahun mata a lokacin salla, wanne ya fi sauƙi ga mafi rauni a cikinku, wanne za a iya canza ranarsa, wanne za a biya ba tare da bashi ba. Kyan gado da taga su zo daga ƙarshe.

Wadda kuma halinta bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai masauki mai nisa a Misfala ko Kudai, kada ta raina kanta. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya kafin su ga Ka'aba. A sahu babu wanda zai tambaye ki inda kika kwana.

Allah ya kira mu Ɗakinsa da halalinmu, ya karɓi ibadarmu, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.